Makulli a Gida ko a Gajimare? Muhawara kan Sarrafa Wi-Fi na Ma'aikatu a Gaya da Ajingi

Shimfiɗa

Duk ma'aikatar da ta wuce ɗaki ɗaya ko biyu, asibiti ce ko makaranta ko sakatariyar ƙaramar hukuma, idan ta ƙuduri aniyar wadata ma'aikatanta da intanet ba tare da jan waya zuwa kowane tebur ba, to na'ura ɗaya ba za ta ishe ta ba, sai ta kafa na'urori da dama a ɗakuna da baranda da farfajiya, kowacce tana watsa sigina iya inda ƙarfinta ya kai. Waɗannan na'urori, wato tashoshin Wi-Fi, ba sa zama lafiya da juna sai da mai tsawatarwa, domin biyu daga cikinsu na iya hawa layi ɗaya su riƙa danne muryar juna, ko wata ta cika maƙil da jama'a alhali maƙwabciyarta tana zaune babu kowa. Abin da ke daidaita su wata manhaja ce da ke raba musu layuka, ta ƙayyade ƙarfin kowacce, ta tantance wanda aka yarda ya shiga, ta kuma miƙa wayar mai tafiya daga wannan tasha zuwa waccan ba tare da sabis ya yanke masa ba. Aikinta ya yi kama da na madugu a cikin ayari, kuma da wannan suna za a ci gaba da ambatonta.

Shekaru da dama mazaunin madugu akwati ne da ake saya a girke a cikin ginin ma'aikata, ƙarƙashin kulawar ma'aikacinta. Daga baya wani salo ya ɓullo, inda madugun ke zaune a kan manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera tashoshin, a cibiyoyin adana bayanai da galibi suke wasu ƙasashe, tashoshin suna tuntuɓarsa ta intanet, mai kula da su kuma yana ganin komai a allon kwamfutarsa ko wayarsa daga duk inda yake. Wannan shi ake kira sarrafawa ta gajimare, kuma gajimare a nan ba ya nufin komai face kwamfutocin wani da ake haya daga nesa. Kamfanin Meraki, wanda ya tsiro daga wani binciken ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka kuma aka kafa shi a 2006, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa salon, kuma darajarsa ta bayyana a 2012 lokacin da Cisco ya saye shi a kan dala biliyan 1.2. Wasu manyan kamfanonin ma sun bi sahu: a 2019 Juniper ya sayi Mist a kan dala miliyan 405, sannan a 2025 kamfanin HPE ya kammala sayen Juniper ɗin kansa a kan kimanin dala biliyan 14.

Batun ya fara shafar yankuna irin su Gaya da Ajingi ne saboda yadda ayyukan hukuma ke komawa kan intanet ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan hukumomin biyu suna gabashin Jihar Kano a kan iyaka da Jigawa, ƙidayar 2006 ta nuna kimanin mutum dubu 200 a Gaya da sama da dubu 170 a Ajingi, kowacce tana da mazaɓu 10, kuma su da Albasu suna tarayya a masarauta ɗaya da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A cikin wannan yanki akwai Babban Asibitin Gaya, da sakatariyoyi biyu, da makarantun sakandare, da ƙananan asibitoci da ke warwatse daga Kademi da Shagogo zuwa Toranke da Balare. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, alƙaluman lafiya na ƙasa kuma ta manhajar DHIS2 ake tattara su. Saboda haka duk ranar da aka ware kuɗi don kafa Wi-Fi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, an yanke shawarar inda madugu zai zauna ke nan, ko da masu sa hannu a takardar kwangilar ba su san sun yanke ta ba.

Abin da ke hawa gajimare da abin da ba ya hawa

Akwai wani bambanci da rashin fahimtarsa ke dagula wannan muhawara tun kafin ta fara. Saƙonnin da ke ratsa tashar Wi-Fi iri biyu ne: akwai na masu amfani, kamar wasiƙa da hoto da fayil ɗin mara lafiya, akwai kuma na sarrafawa, wato umarnin da madugu ke aikowa da rahoton da tasha ke mayar masa. A mafi yawan tsare-tsaren gajimare iri na farko ba ya bi ta hannun kamfanin, yana wucewa kai tsaye zuwa inda aka aike shi. Iri na biyu ne kawai ke hawa, amma a cikinsa akwai lambar shaidar kowace waya da ta shiga, da lokacin shigarta, da tashar da ta kama, da irin manhajar da ta fi cin data a cikinta. Idan layin da ke haɗa tashoshi da gajimare ya yanke, sukan ci gaba da aiki bisa umarnin ƙarshe da suka karɓa, kamar ayarin da madugunsa ya yi gaba bayan ya nuna hanya, sai dai ba za a iya sauya musu komai ba, kuma duk wani aikin da sai an tambayi gajimare, kamar tantance sabon mai shiga a wasu tsare-tsaren, yana iya tsayawa har layin ya dawo.

Hujjojin masu goyon baya

Hujjar farko ita ce ƙarancin ƙwararru da nisan tafiya. Injiniyan da ya iya tsara sadarwar tashoshi masu yawa ba kasafai yake zama a ƙaramar hukuma ba, domin kasuwarsa tana birni, wajen bankuna da jami'o'i da kamfanonin sadarwa, kuma tsakanin Gaya da birnin Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 65 ta Wudil, ban da wadda za a ƙara kafin a isa ƙauyukan Ajingi, musamman da damina. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar da za a biya don mai gyara ya zo ya danna maɓalli biyu ya koma ya zama nauyi a kan ma'aikatar da kuɗin gudanarwarta bai taka kara ya karya ba. Idan madugu yana gajimare, mutum ɗaya da ke zaune a Gaya ko Kano zai iya duba tashoshin mazaɓu 20 a allo ɗaya, ya ga wadda ta mutu da lokacin da ta mutu, ya sauya kalmar sirri a dukkansu a zama ɗaya, sabuwar tasha kuma ba ta buƙatar komai sai wanda zai maƙala ta a bango ya jona mata waya, ita da kanta za ta nemi madugu ta karɓi umarninta.

Ta biyu ta shafi yanayin wurin. Akwatin madugu na gida yana son wuta mai ɗorewa da ɗaki mai sanyi, alhali zafin bazara a ƙasar Kano yakan kai digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe kafofin iskar na'ura, tsawar damina kuma tana ƙone duk abin da ba a kare ba. A watan Oktoban 2024 lalacewar manyan layukan wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, kuma ko a ranakun da lafiya lau ake, wutar da ke isa karkara takan zo ta ɗauke babu sallama. Akwatin da ya ƙone yakan tafi da dukkan tsare-tsaren da aka zuba masa idan ba a ajiye kwafinsu ba, alhali kamfanin gajimare yana ajiye nasa a cibiyoyi fiye da ɗaya, ta yadda tashar da ta lalace ake cire ta a sa wata, ta gaji tsarin wadda ta gabace ta nan take.

Ta uku ita ce tsaro. Kowace tasha tana da manhajar cikinta, kuma lokaci zuwa lokaci ana gano ɓaraka a cikinta, kamar yadda aka yi a Oktoban 2017, lokacin da masana suka bayyana raunin da aka laƙaba wa suna KRACK a tsarin kariya na WPA2, wanda kusan duk Wi-Fi na duniya ya dogara da shi a lokacin. Toshe irin wannan ɓaraka yana buƙatar sabunta manhaja, abin da gajimare ke yi wa dubban tashoshi cikin dare ɗaya, yayin da tashar da aka bar wa ma'aikata kulawarta takan shekara da shekaru da manhajar da aka sayo ta da ita, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan tsarin yana sauƙaƙa bai wa kowane ma'aikaci mashigarsa, a raba layin baƙi da na fayilolin ofis, maimakon kalmar sirri guda da ake rubutawa a bayan ƙofa, wadda kafin mako ya zagayo ta karaɗe unguwa.

Ta huɗu ita ce tattalin data da inganta sigina. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saboda haka makarantar da datar watanta ke ƙarewa a mako na biyu tana da buƙatar sanin abin da ke cinye ta, ta kuma iya taƙaita kallon bidiyo a lokacin aiki. Ta fuskar sigina, zangon 2.4 GHz yana ratsa bango sosai amma layuka uku kacal gare shi waɗanda ba sa hawa kan juna, zangon 5 GHz kuma ya fi yawan layuka da sauri amma bango mai kauri yana raunana shi, kuma daidaita su aiki ne da ke buƙatar lura ta yau da kullum. Madugun gajimare yana tara tarihin makonni, yana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gane alamun matsala, har ya iya nuna cewa laifin na wata waya ce da ta lalace, tashar kuwa ƙalau take.

Hujja ta biyar ba ta fasaha ba ce, ta amana ce, kuma wataƙila ita ta fi nauyi a wurin da ayyukan gwamnati kan mutu jim kaɗan bayan bikin buɗe su. Allon gajimare shaida ne da ba ya karɓar na goro: yana nuna tashoshi nawa aka kafa da gaske, nawa ke aiki yau, mutum nawa suka amfana, kuma tun yaushe wadda ta mutu ta mutu. Shugaban ƙaramar hukuma ko mai binciken kuɗi da ke da damar leƙa wannan allo ba ya buƙatar dogaro da rahoton ɗan kwangila kaɗai.

Hujjojin masu adawa

Masu adawa sukan fara da kuɗi, domin a nan suke ganin ramin yake. Tashar gajimare ba a gama sayenta da biyan kuɗinta, sai an riƙa sabunta lasisinta shekara-shekara ko bayan wasu shekaru, kuma da dala ake ƙiyasta farashin. A tsarin lasisin da Meraki ya daɗe yana amfani da shi, idan wa'adi ya cika aka kuma wuce kwana 30 na sassauci ba a sabunta ba, tashoshin kan daina bai wa kowa hanya, ko da babu abin da ya same su. A Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, wanda ke nufin ma'aikatar da ta tsara kasafinta a kan farashin farko ta wayi gari ana binta ninki uku ba tare da ta ƙara tasha ko ɗaya ba. Ga shi kuma irin waɗannan kayan sukan zo ne ta hanyar aikin mazaɓa ko tallafin wata ƙungiya ko kasafin manyan ayyuka, wato kuɗin da ake bayarwa sau ɗaya, alhali lasisi yana buƙatar gurbi a kasafin yau da kullum, inda albashi da man janareta suka riga shi layi. A ganinsu wannan haya ce da aka yi wa kwalliyar ciniki, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ta biyu ita ce raunin igiyar da ke haɗa Gaya da gajimaren kansa. A ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Nijeriya suka shiga tsaka mai wuya na kwanaki. A cikin gida kuma, tsinkewar wayar faiba sakamakon aikin hanya da ɓarna ta yi yawan da a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Wani lokacin ma da gangan ake yankewa, kamar yadda aka yi daga Satumban 2021, lokacin da hukumomi suka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Abin da ke damun masu adawa shi ne cewa ranar da aka fi buƙatar madugu, wato ranar da abubuwa suka rikice, ita ce ranar da ba za a same shi ba.

Ta uku ita ce kamfani yana iya tattara kayansa ya tafi, kuma Nijeriya ta riga ta ga hakan. Google ya buɗe shirinsa na Wi-Fi kyauta mai suna Google Station a Legas a Yulin 2018, a Fabrairun 2020 ya sanar da rufe shirin a duniya baki ɗaya. Shirin Express Wi-Fi na Facebook, wanda kamfanonin cikin gida suka yi amfani da manhajarsa wajen gudanar da wuraren sayar da intanet, shi ma an rufe shi a 2022. A 2022 ɗin ne kuma Cisco ya janye harkokinsa daga Rasha saboda yaƙin Yukiren, abin da ya nuna cewa siyasar ƙasashe tana iya shiga tsakanin mai na'ura da na'urarsa. Haɗiye juna da manyan kamfanonin ke yi yana rage wa mai saye zaɓi, tashar wannan kamfani kuma ba ta jin umarnin madugun wancan, saboda haka mai son sauya gida sai ya sake sayen komai daga tushe.

Ta huɗu ta shafi sirri da ikon ƙasa. Ko da fayil ɗin mara lafiya bai hau gajimare ba, rahoton da ke nuna wace waya ce ke zuwa wane sashe na asibiti a wace rana yana iya tona abin da mai wayar ba ya so a sani, musamman a garin da kowa ya san kowa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, yayin da dokar CLOUD ta Amurka ta 2018 ta bai wa hukumomin ƙasar damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a ina suka ajiye su. Tara makullai a hannu ɗaya kuma yana sa kuskure ɗaya ya game kowa: a Disamban 2023 kamfanin Ubiquiti ya amince cewa wani kuskure a tsarinsa na gajimare ya sa wasu masu amfani sun ga na'urorin wasu, a ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wani sabuntawa mara kyau da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin sa'o'i. Hanyar da gyara ke bi ya isa ko'ina cikin dare ɗaya, ita ce ɓarna ke bi.

Ta ƙarshe ita ce makomar gwaninta. Yawancin abin da ke kashe Wi-Fi a karkara abu ne da sai hannu ya taɓa shi: batirin sola da ya gaji, inbatar da ta ƙone, wayar da ɓera ya gwaguya, ruwan da ya bi ta rufin kwano ya sauka a kan na'ura. Allo yana iya cewa tashar Toranke ta mutu, amma ba ya hawa tsani. Idan an saba da cewa komai daga birni ake yi, ba za a horar da kowa a wurin ba, kuma sau da yawa asusun sarrafawar kan kasance da sunan ɗan kwangilar da ya kafa tashoshin, wanda idan aka saɓa da shi, ma'aikata ta zama baƙuwa a kan kayanta. Mai ɗaki, in ji su, shi ya san inda yake masa yoyo.

Awon hujjojin

Idan aka ɗora ɓangarorin biyu a kan sikeli, za a ga wasu hujjojin ba su kai nauyin da ake ba su ba. Maganar yankewar layi tana da ƙarfi ne kawai a inda ake da aikin da ke gudana a cikin gida, kamar asibitin da ke ajiye fayilolinsa a kwamfutar cikin gini ko cibiyar jarrabawa da ke da babbar kwamfutarta a cikin gida. Amma ƙaramin asibitin da duk buƙatarsa ita ce aika rahoto zuwa Kano, idan intanet ya yanke, aikinsa ya tsaya ko a ina madugu yake. Zuwan Starlink Nijeriya a Janairun 2023 ya samar da layi na biyu da ba ya bi ta ƙasa, ko da yake shi ma haya ce daga waje. A ɗaya ɓangaren, maganar wuta da zafi ba ta kare masu goyon baya yadda suke zato, domin tashoshin kansu suna buƙatar wuta, kowacce tana jan wat 10 zuwa 25, kuma solar da za ta ɗauke su za ta ɗauki ƙaramin madugu na zamani wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba. Raba layin baƙi da na ofis da taƙaita cin data kuwa, madugun gida ma yana yin su.

Abin da ya rage da nauyi na gaske abu biyu ne, ɗaya a kowane ɓangare. Gajimare yana magance ƙarancin ƙwararru da warwatsuwar wurare, kuma babu abin da madugun da ke kulle a gini ɗaya zai iya yi a kan wannan. Lasisin dala kuma yana jingina rayuwar tashoshi a kan kuɗin da ba a da tabbacin zuwansa, kuma babu wata fasaha da ke gyara wannan. Wato tsarin yana warkar da ciwo ɗaya da Gaya da Ajingi ke fama da shi, yana kuma taɓa wani da ya fi shi zafi.

Sa'ar da aka yi ita ce zaɓin bai tsaya a kan biyu ba. Tsarin UniFi na Ubiquiti da Omada na TP-Link suna bari a girke madugu a gida ba tare da lasisin shekara ba, a kuma leƙa shi daga nesa. Cambium yana da nau'in gajimare da na gida. Na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya suna ɗauke da madugunsu a ciki. Akwai kuma manhajar OpenWISP da kowa ke da 'yancin ɗauka ya girke. Gajimaren ma ba dole ya kasance a ƙetaren teku ba, domin a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, a birnin Kano, saboda haka madugu ɗaya da jiha ko gamayyar ƙananan hukumomi ta girke a irin wannan wuri zai iya kula da asibitoci da makarantu masu yawa, da naira, ƙarƙashin dokar Nijeriya. Wannan hanya tana da nata nauyin, tunda sabuntawa da tsaro da ajiye kwafi sun dawo wuyan mai ita, kuma idan babu wanda aka ɗora wa alhakin, za ta mutu kamar sauran. Sai dai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma take koyar da ilimin kwamfuta da injiniyanci, tana maƙwabtaka da Gaya, kuma ɗalibanta na neman wurin koyon aiki.

Daga nan hukuncin ya danganta ne ga girman ma'aikata da irin aikinta. Makarantar da tashoshi uku suka ishe ta ba ta da dalilin ɗaura wa kanta lasisin dala. Jerin ƙananan asibitoci da ke warwatse a mazaɓu 20 su ne suka fi cin moriyar kulawa daga nesa. Babban asibiti da cibiyar jarrabawa kuwa ya kamata su tabbata aikinsu na ciki yana tafiya ko da an yanke su daga duniya. A kowane hali, asusun sarrafawa ya zama da sunan ma'aikata, a biya lasisin shekarun da ake sa ran kayan za su yi tun a kwangilar farko idan har an zaɓi mai lasisi, a rubuta ƙasar da za a ajiye rahotanni, a kuma horar da aƙalla mutum ɗaya mazaunin wurin wanda zai iya hawa tsani ya kuma iya karanta allo.

Kammalawa

Ruwayoyin tarihin Kano sun ce maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka bi sawun tama har zuwa Dutsen Dala suka zauna. Maƙera sun daɗe da daina narka tama, ƙarfen da suke aiki da shi a yau daga nesa yake zuwa, amma manomin da fartanyarsa ta karye da damina ba ya jiran kowa daga ƙetare, domin mai gyaran yana cikin gari. Irin wannan rabo ne ya fi dacewa da Wi-Fi na ma'aikatun yankin: na'ura da manhaja da idon da ke lura da su duk suna iya zuwa daga nesa, kuma akwai riba a hakan, matuƙar makulli da hannun gyara suna gida. Saboda haka tambayar da ya kamata sakataren ilimi ko shugaban asibiti ya yi wa mai kawo kaya kafin ya sa hannu ba ta saurin sigina ba ce. Ya tambaye shi abin da tashoshin za su yi a rana ta 31 bayan lasisi ya ƙare kuma kuɗin sabuntawa bai fito ba, sannan ya nemi a rubuta amsar a cikin kwangila.